Abin da Bai Shiga Filash Ba

Gwandu,
Litinin, 7 ga Yuli.

Zuwa ga Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen Kalgo. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar maigida Malam da ta tasa shi gaba tun da ruwa ya sauka. Khairiyya autata ta yi zazzaɓin kwana uku, ta tashi, ta koma kan tukunya kamar an yi mata gorin rama. Kowa yana gaishe ka, ana kuma yi maka ban gajiyar asibiti da zaman makoki. Kakanka da mahaifina 'yan wa da ƙane ne kawai, amma abin da ka yi mana, wanda aka fito ciki ɗaya ma iyakarsa ke nan. Allah ya saka maka da alheri.

Kar ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamaren Malisa, hannuna ya fi bakina iya magana. Kuma ka san gidan nan: in ka ɗaga waya a ɗaki, wadda ke bakin murhu za ta riga ka jin amsa. Saboda haka kar ka kira ni a kan maganar nan. Ka rubuto ka ba Ɗanjuma direba, tunda kullum yana bi ta Birnin Kebbi ya ƙarasa wajenku.

Abin da ke cikin jakar nan kwamfutar abokinka ce, ɗan farin gidan nan, Allah ya jiƙansa. Yau kwanansa arba'in da biyu da rasuwa. Malam ya tara mu ya ce shi da ni ne magada, kuma shi ya bar maka rabonsa a cikinta. Aka juyo wajena. Na ce ni me zan yi da ita, a ba ka. Malam ya ce ya ji kun daɗe kuna ƙulla buɗe wurin wasan nan na kwamfuta kusa da makarantarku, to ka yi musanyarta ka samo wadda ta dace da aikin, ko ba komai burin ya cika a hannun ɗayanku.

Sharaɗi guda ne. Littattafan ajami na Malam Babba, kakan abokin naka, waɗanda ya ɓata hutu biyu yana ɗaukar hotonsu shafi shafi, suna cikinta. Na takardar gara ta cinye fiye da rabi, sauran kuma in ka taɓa sai su zube a hannu. Malam ya ce ka fitar masa da su tsaf kafin ka rabu da ita. Ya maimaita sau uku, ni ma ga shi na maimaita.

Sauran tarkacensa da ke ciki ba ruwana da su. Shekaranjiya Khairiyya ta buɗe ta don ta ga ko tana da caji, ta taɓa wani wuri, sai ga shi yana ta zuba irin na masu sharhin ƙwallo a rediyo, yana dariya har yana shaƙewa. Ina tankaɗe a lokacin. Na ce ta kashe, ga mutane cike da tsakar gida. Gari ya zube mini a ƙasa, rariyar ce ta tsufa. Ban san yana da surutu haka ba. Irin wannan da yawa ne a ciki? Ba wai tambaya nake yi ba.

Ka ci abinci. Ranar da ka tafi wuyanka ya yi tsawo.

Gwaggonka,
Zulaiha.

*

Kalgo,
Alhamis, 10 ga Yuli.

Gwaggo Zulaiha,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, jaka ta iso lafiya, na gode ƙwarai. Allah ya ba Baba Malam sauƙin ƙafa, a gaishe da Khairiyya da jiki. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ɗakin nan ya yi mini girma tun da Muzzammil ya tafi. Rabon da in rubuta wasiƙa da biro tun jarrabawar sakandare, ki yi haƙuri da hannun.

Littattafan Malam Babba sun fita. Suna cikin folda guda da ya sa wa suna Kaka, shafi dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai. Na kwafe su a filash biyu, wato ɗan abin ajiyar nan da bai wuce yatsa ba, na kai wata kwamfutar na bi su ina buɗewa. Akwai mai kwafe alamar folda kawai ya bar cikinta a baya, sai an goge na'ura ya gane bai ɗauki komai ba. Ban yarda haka ta faru ba. Ki gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa.

Jiya na je Birnin Kebbi shagon Amos, wani mutumin Zuru da muke hulɗa da shi. Ya nuna mini guda biyu, duka tokumbo. Ɗaya laftof ce ta gem, baƙa, mai nauyi, tana da batir, in an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take. Ɗayar ta tebur ce, akwati guda da fanka uku, ram ɗinta, wato ƙarfin ƙwaƙwalwarta, ya ninka na waccan, kuma katin hotonta, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin wasa, ana iya cire shi a sa sabo in ya tsufa. Ita sai da inbata, na'urar da ke ajiye wuta. Mun yi shekara muna wannan gardama da Muzzammil. Ni laftof nake so don in riƙa yawo da ita, shi kuma kullum sai ya ce, "Kai Taju, wanga zahin Kalgo na kashe ta kahin damina. Ta tebur za mu saye." Na tsaya a shagon har Amos ya miƙo mini kujera. Yanzu da babu mai yi mini gardama, na kasa zaɓar tawa. Ina ganin ta tebur zan ɗauka. Amos ya ce zai karɓi ta Muzzammil, in yi ɗan ciko, kuma zai riƙe mini har Juma'a ta sama, 18 ga wata. Bayan nan akwai mai jira.

Kin ce ba tambaya kike yi ba, amma bari in faɗa. Da yawa ne. Duk ranar da ciwon sikila ya hana shi zuwa aji, sai ya jingina da bango ya kunna gem ɗin ƙwallo, ya sa abin magana a baki, yana bugawa yana sharhi da Hausa, yana naɗa. Wani lokaci shi ne ɗan wasa, shi ne alƙali, shi ne mai kallo da ke zagin alƙalin. Bidiyo ɗari biyu da goma sha uku ne, giga ɗari da tamanin. Filash ɗina giga talatin da biyu kawai yake ɗauka. Sai da babban abin ajiya da muke ce wa estanal, ni kuma ba ni da shi. Bai taɓa ɗora su a intanet ba, wai sai ya ƙware. In laftof ta shiga hannun Amos zai yi mata fomatin, wato ya share ta tas don mai saye.

Ni dai na kasa kallonsu. Na buɗe ɗaya, ban kai minti ba na rufe. Tunda kin ce ba ruwanki da su, ban ga dalilin ajiye abin da ni ba zan iya gani ba, ku kuma ba ku so. Amma in akwai mai so a gida, ki sanar da ni kafin Juma'ar, in nemi aron estanal. In ban ji komai ba, na san amsar ke nan.

Ina cin abinci.

Ɗanki,
Tajuddeen.

*

Gwandu,
Asabar, 12 ga Yuli.

Tajuddeen,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ƙafar Malam ta yi dama, har ya leƙa gonarsa ta Kambaza ya dawo yana faɗa da masu noma. Ya ji daɗin labarin littattafai, ya sa maka albarka mai tsawo.

Hannunka ba laifi, sai dai da a ajina kake da ka sha rula a kan wasalin da kake haɗiyewa. Na tambayi Khairiyya mene ne giga, ta ce awo ne kamar mudu. To na gane: hatsi ya fi buhu yawa. Maganar zaɓi kuwa, ban san fanka ba, ban san kati ba, amma abokinka ya fi ka gaskiya. Wanda ya yi rayuwarsa yana auna zafi da sanyi kafin ya fita ƙofar ɗaki ba za ka koya masa zafin Kalgo ba. Ka ɗauki ta tebur.

Ka ce in akwai mai so in faɗa maka. Wace irin tambaya ce wannan ga mace irina? Ku da aka haifa a Fatakwal, uwarku tana ƙwala muku kira da sunan yanka a gaban baƙi, komai sai an buɗe muku baki an faɗa. Nan ba haka muke ba.

Abin da zan ce shi ne, kar ka yi gaggawa. Khairiyya yarinya ce, wata rana za ta so jin muryar yayanta. Ka ari abin nan estanal ka kwashe su duka. Kar ka zaɓa, kar ka ce wannan gajere ne ko wannan ba shi da amfani. Duka. In za a iya zuba wasu a waya yadda mutum zai saurara shi kaɗai, ba sai an tara gida ba, to ka yi mata hakan. In Amos ba zai jira ba, ya sayar wa mai jiran nasa. Kwamfuta ba za ta ƙare a duniya ba.

Ka ba ni amsa da wuri. Don Khairiyya.

Gwaggonka,
Zulaiha.

*

Kalgo,
Asabar, 19 ga Yuli.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina fatan kowa lafiya. Ga filash biyu na Baba Malam a cikin ambulan, ɗaya a yi amfani da shi, ɗaya a ɓoye. Na ba Ashiru mai bas saboda kwana biyu ban ga Ɗanjuma ba.

Kwana tara ina jiran amsarki. Ran Laraba na je tasha, ran Alhamis na koma. Na ɗauki waya zan kira ki, na tuna kin hana. Jiya bayan an sauko daga Juma'a na ɗauki laftof ɗin na kai wa Amos. Ya tambaye ni har sau biyu ko na kwashe abin da nake so. Na ce na kwashe abin da aka ce in kwasa. A gabana ya yi mata fomatin. Abin da Muzzammil ya yi shekara uku yana tarawa bai ɗauki minti goma ba.

Ta tebur na ɗauko. Na haɗa ta da inbata, ta tashi, fankokin ko ƙara ba sa yi. Gem ɗin da tasa take ja da ƙyar, wannan tana tafiya da shi sumul, har ciyawar fili kana gani ɗaya ɗaya. Na zauna a gabanta da fad biyu, abin da ake buga wasan da shi, ɗaya a hannuna, ɗaya a kan tabarma. Ban ji daɗin komai ba.

Gwaggo, ki yafe mini abin da zan faɗa. Na san al'ada, na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ban ce ki kira ba. Amma yaro ya mutu, an aiko mini da muryarsa a jaka an ce tarkace. Na tambaya ko akwai mai so, ko layi ɗaya ba a ba ni ba. Kwana shida muka yi a asibiti, kina zaune a baranda, ba ki taka ɗakin ba sai da aka rufe masa fuska. Ana gobe zai rasu ya buɗe ido ya ce mini, "Inna na nan?" Na ce kina waje, in kira ki? Ya ce, "Ƙyale ta, ba ta shigowa." Ya faɗe shi ba da fushi ba, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da Amos yake sharewa, raina ya ce mini in tsayar da shi in nemi estanal ko don kaina. Sai na ce in wadda ta haife shi ba ta so, ni wane ne da zan ɗauki wannan kaya ni kaɗai. Don fushin da na yi da ke na bari aka goge, gara in faɗa miki gaskiya.

Tajuddeen.

*

Kalgo,
Talata, 22 ga Yuli.

Gwaggo,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba.

Yanzu Ɗanjuma ya bar ƙofar ɗakina. Motarsa ta lalace a Kambaza tun ranar da kika ba shi takarda, ta yi kwana goma a wajen bakanike, takardar tana cikin akwatin gaban mota. Yau da ya buɗe neman lasisi ya gan ta. Ya miƙo mini yana ba ni haƙuri yana dariya, bai san me ya riƙe ba.

Na karanta a tsaye. Na kira Khairiyya don in ba ta haƙuri, tunda kin ce don ita ne. Ta ce, "Ni? Ni ban ce komi ba, Yaya. Inna dai ta ka tambaya ta ko ana iya sa su cikin waya. Sau ukku tat tambaye ni, tana kallon bango." Na roƙe ta kar ta gaya wa kowa na kira.

Sai a lokacin na koma na ɗauko wasiƙarki ta farko na sake karantawa. Komai yana ciki, Gwaggo. Ni ne jaki.

Na kira Amos. Jiya ya sayar da laftof ɗin ga wata ɗaliba, amma yana da lambarta. Akwai manhajar da ke tono abin da aka goge, matuƙar ba a zuba sabon abu a kansa ba. Ba zan yi miki alkawari ba. Gobe da sassafe zan fita nemanta.

In wasiƙar da na ba Ashiru ba ta iso ba, don Allah in ta zo ki sa ta a murhu ba tare da kin buɗe ba.

Ɗanki,
Tajuddeen.

*

Gwandu,
Juma'a, 25 ga Yuli.

Tajuddeen,

Na amsa sallamarka. Muna lafiya. Filash sun iso, Malam ya ɗaure ɗaya a ƙyalle ya sa a akwatin ƙarfe.

Ashiru ba Ɗanjuma ba ne, motarsa ba ta lalacewa. Tun ran Lahadi na karanta. Ga su nan duka biyu a gabana, ta zagin da ta ban haƙurin, kuma ta zagin zan amsa, don ita ce ta fito daga cikinka.

Ka ce ina zaune a baranda. Ka duba wace baranda ce? Ƙarƙashin tagar gadonsa na shimfiɗa tabarmata. Duk nishin da ya yi a kwana shidan nan a kunnena ya yi shi. Na san lokacin da allura take sakinsa tun kafin kai da ke riƙe da hannunsa ka sani. Kunun da kake ba shi da cokali kana cewa na ƙanwar Malam ne, wa kake zaton take dama shi? A ɗakin akwai uwar Malam, akwai ƙannensa mata biyu. In shiga in zauna a bakin gadon ɗan fari a gabansu? Shekara bakwai na yi a gidan nan ban haihu ba. Da ya zo, ranar da aka yaye shi uwar Malam ta goya shi ta kai ɗakinta, aka ce in yi kamar ban gani ba. Na yi. Na iya sosai, har ana ba 'yan mata misali da kunyata. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi.

Ka ce in ba ka ji komai ba, ka san amsa ke nan. Wa ya gaya maka shirun mace irina amsa ce? Tsakanin Kalgo da Gwandu tafiyar yini ce? Ka iya zuwa Birnin Kebbi sau biyu kallon fanka, ba ka iya ƙarasowa ka dubi fuskata ba. Ka yi fushi da ni, ka huce a kan abin da ba shi da na biyu. Wannan ba zan ce maka bai yi mini zafi ba.

Amma kalmar tarkace ni na rubuta ta, da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Takarda ce, daga ni sai kai, babu suruka a kanta, babu ƙannen miji, duk da haka na kasa. To bari in faɗa yanzu da ba shi da amfani. Ni nake so. Ba Khairiyya ba, ni. Shekara ashirin da uku bai taɓa yin irin dariyar nan a gabana ba. In ya shigo gaishe ni durƙusawa yake a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya, ya tashi. Ni na koya masa hakan. Ashe akwai wani yaron daban, mai surutu, mai tsokana, wanda ku kuka sani ni ban sani ba, kuma yana nan har sau ɗari biyu da goma sha uku. Na so in zauna ni kaɗai in san shi.

Abin da ya ce a asibiti, da ka bar shi a cikinka. Yanzu da shi nake tashi, da shi nake yini.

Ka nemi yarinyar. Duk abin da ka samu ka aiko, ko yaya yake.

Zulaiha.

*

Kalgo,
Asabar, 2 ga Agusta.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba Malam da Khairiyya. Na ga wasiƙarki. Bari in gaya miki abin da na yi.

Sunan ɗalibar Miracle, 'yar Yawuri ce, tana shekarar ƙarshe. Sai da na yi kwana biyar kafin ta yarda mu haɗu, ta zaci ɗan damfara ne. Da na yi mata bayani a bakin ƙofar makaranta, ta cire laftof ɗin daga jaka ta miƙo mini, ga shi tana tsakiyar rubuta furojet. Ta ce tata uwar ta rasu ba ta da ko hoton kirki. Amma kafin in same ta ta riga ta zuba littattafanta da finafinai da waƙoƙin coci, kuma kowane ɗaya a kan wani abu nasa ya zauna.

Na ciro ma'ajiyar laftof ɗin na haɗa da sabuwar kwamfutar. Aikin kirki na farko da ta yi ke nan. Kwana biyu manhajar tana tono, ina ta addu'a kar inbata ta mutu. Sunayen fayil ɗin sun dawo kusan duka, har na fara sa rai. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani baƙi ƙirin, wani ya ƙi buɗewa, wani ya buɗe da hoton fim ɗin Miracle a yayyage. Na kai wa Amos, ya gwada da tasa manhajar, ya kira wani a Sakkwato. Duk abu ɗaya suka ce.

Guda ɗaya ne ya yi magana. Daƙiƙa tara. Babu fuskarsa, koren fili ne kawai a tsaye. Kuma ba dariya ba ce, Gwaggo, ba sharhi ba ne, kar ki sa rai. Wani ɗan tsakani ne da ya dakatar da wasa ya manta bai kashe naɗi ba. Ba zan rubuta abin da ya ce ba, ki ji da kanki. Na sa shi a memori, yana naɗe a takarda cikin ambulan ɗin nan, Khairiyya ta san yadda ake sa shi a waya. Na ajiye kwafi a wuri huɗu.

Ban buɗe shagon ba. Na rufe kwamfutar da zanen gado. In kin ce in mayar wa Amos, gobe zan mayar.

Ki yafe mini in za ki iya.

Ɗanki,
Tajuddeen.

*

Gwandu,
Juma'a, 8 ga Agusta.

Tajuddeen ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka sani. Ruwa ya yi yawa, katangar bayan gida ta zauna, ba wanda ya ji ciwo.

Ka cire zanen gadon nan ka buɗe shagonka. Mayar da ita ba zai dawo da komai ba, sai dai a yi asara biyu. Na yafe maka. Ban ce na huce ba, wannan sai a hankali, kuma kar ka zo yanzu. Ka gode wa yarinyar nan Miracle, ka ce wata tsohuwa a Gwandu tana sa mata albarka.

Kwana biyar memorin yana ɗaure a bakin zanena. Jiya da hantsi Malam ya tafi gona, matan gida suka tafi suna, na ce kaina yana ciwo. Na sa Khairiyya ta tura ƙofa ta sa shi a waya. Na ji motsin tabarma, na ji ya ja numfashi. Sai ya ce, "Taju, miƙo man ruwa, maƙoshina ya bushe."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai iske kaina a bakin randa, na cika moɗa, na juyo har na kai tsakiyar ɗaki. Khairiyya ta dube ni, ni ma na dube ta. Ta sa hannu za ta karɓa, na hana ta. Ruwan yana nan inda na ajiye shi, kusa da wayar. Na kasa zubarwa, kuma ban bari kowa ya sha ba.

Gwaggonka,
Zulaiha.